Wai samba rawa ce ko salon ƙwallo, kuma da gaske Hausawa ne suka kai ta Birazil?

Dan_Kofar_Mata
Assalamu alaikum jama'a. Jiya a gidan kallo gardama ta kaure mana bayan an tashi wasa. Mai sharhi ya kira 'yan Birazil "'yan samba", sai wani yaro ya tambaya mene ne sambar. Ni tun ina ƙarami na ɗauka sunan salon ƙwallonsu ne, wannan yanka da lailaya da suke yi. Mai gidan kallon ya ce a'a, rawa ce. Wani dattijo mai sayar da rake a bakin ƙofa ya tsoma baki, ya ce ai kakanninmu Hausawa da aka kwashe a bauta su suka kai musu ita, har da rantsuwa. Da na koma gida na nemo bidiyo, sai na ga mutum a tsaye wuri ɗaya amma ƙafafunsa kamar keken ɗinki. Na kulle ɗaki na gwada, ban cika minti biyu ba sharaɓata ta ɗaure. Masu sani ku warware min: daga ina ta fito, akwai hannunmu a ciki, kuma yaya ake taka ta?

Gwanin_Raga
Rawa ce mana. Ka manta Katar a 2022, ranar da suka zuba wa Koriya ta Kudu 4 da 1? Duk ƙwallon da ta shiga sai sun taru a gefen fili sun taka, har kocinsu Tite suka jawo ya shiga. Roy Keane ya yi ta faɗa a talabijin wai raini ne. To wannan ita ce samba.

Hajiyar_Fagge
Sharaɓa ta ɗaure a minti biyu? Ɗana, ba samba ce damuwarka ba, zaman majalisa ne ya yi maka yawa.

Malamin_Tarihi
Wa alaikumus salam. Mai gidan kallo ya fi ka gaskiya. Dattijon rake kuwa ya kama wutsiyar magana ne ya saki kanta.

A duk ƙasashen da aka kai bayi daga Afirka ta tekun Atalantika, babu wadda ta karɓi yawan da Birazil ta karɓa, mutum sama da miliyan 4. Ita ce kuma ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta soke bauta, ranar 13 ga Mayu 1888. Mafi yawan waɗanda aka kai daga yankin Angola da Kwango suke, kuma can ne jijiyar samba take. Abin da akasarin masu bincike suka rinjaya a kai shi ne kalmar ta fito daga "semba" ta harshen Kimbundu na Angola, wadda ke nufin karon cibiya. Ana yin da'ira, mutum ɗaya ya shiga tsakiya ya taka, idan ya gaji sai ya je gaban wanda yake so ya canje shi ya kai masa cikinsa, cibiya ta taɓa cibiya, shi ke nan ya miƙa masa fili. Da Fotugis suna ce wa wannan umbigada. Har gobe a Angola akwai kiɗa da rawa mai suna semba.

Inda abin ya zauna da gindinsa shi ne jihar Bahiya, a ƙauyukan gonakin rake da taba da suka kewaye gaɓar birnin Salvador, yankin da ake kira Recôncavo. Can ake yin samba de roda, ma'ana sambar da'ira. UNESCO ta sanya ta cikin fitattun al'adun duniya a 2005. Wannan ta fuka-fukai da ƙyalƙyali da ake gani a bidiyo jikarta ce, a birnin Riyo aka haife ta.

Dan_Kofar_Mata
Na gode Malam. To wutsiyar da ka ce dattijo ya kama fa? Akwai Hausawa a can ko babu?

Malamin_Tarihi
Akwai su, kuma ba su yi zaman banza ba. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin Shehu Usmanu na 1804, da rushewar daular Oyo, sun sa an kama mutane da yawa daga ɓangarorin biyu an gangara da su bakin teku. Da yawansu a Bahiya aka sauke su. A takardun Turawan Fotugal za ka ga an rubuta "haussá". A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawaye da Hausawa suka ƙulla a Salvador, a 1814 kuma suka yi bore na sosai a wajen garin. Mafi shahara shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, cikin watan azumi, wanda ake kira tawayen Malê. Sunan daga "imale" ya fito, yadda Yarabawa ke kiran Musulmi. Mutum kimanin 600 suka fito da fararen riguna da layu masu rubutun Larabci. A wannan karon Yarabawa Musulmi ne suka fi yawa, Hausawa na ciki amma ba su ne jagora ba.

Sai dai ka lura, waɗannan mutanen allo da tawada ne. Abin da tarihi ya riƙe musu shi ne karatu da laya da tawaye. Ba za ka ɗauki kiɗan da'irar mutanen Angola ka jingina musu ba don kawai sun zauna gari ɗaya.

Baffa_Parana
Ina ta karanta ku ina murmushi. Shekarata 9 a kudancin Birazil, ina aikin yankan kaji na halal da ake fitarwa ƙasashen Larabawa. Da farko @Gwanin_Raga, abin da Tite ya taka ba samba ba ce, rawar tantabara ce ta ɗan wasansu Richarlison, irin ta yaran zamani. Idan ka ce wa tsoho ɗan Riyo wannan samba ce zai harare ka.

Na biyu, hutun wata shekara na bi wani abokin aikina gida, mutumin Bahiya ne, daga wani gari kusa da Santo Amaro. Ranar Lahadi bayan an ci abinci a tsakar gidan gwaggonsa, ba wani shiri, sai na ji an fara tafi. Maza uku suka zauna da ƙananan ganguna da wata 'yar jita. Wata tsohuwa ta ɗauko farantin tangaran da wuƙar cin abinci tana goga wuƙar a bakin farantin, kar-kar-kar, kuma wallahi shi ne ya riƙe kiɗan gaba ɗaya. Mata suka kewaye da faffaɗan siket har ƙasa, yawanci ba takalmi. Ɗaya ta shiga tsakiya. Na zuba ido ina jiran tsalle, ban ga tsalle ba. Ƙafarta ko ɗagawa daga ƙasa ba ta yi, jan ta take mitsi-mitsi kamar mai murje tururuwa, kafaɗa shiru, siket ɗin ne kawai ke kaɗawa. Sunan wannan taku miudinho, wato ɗan mitsitsi. Ta zagaye da'irar, ta tsaya gaban makaɗa ta gaishe su, sannan ta je ta yi wa wata karon cibiyar da Malam ya faɗa. Matar nan ta haura 70.

Kuma @Dan_Kofar_Mata, ga abin da za ka kai wa dattijonka ya huce. A Salvador akwai abinci mai suna arroz de hauçá, shinkafar Hausa ke nan. Shinkafa ce a dafa ta ta yi laushi kamar za a tuƙa tuwo, a zuba mata soyayyen busasshen nama da albasa. Da na gani a takardar abinci sai da na sake karantawa. Na ce wa mai kawo abincin ni Bahaushe ne, ya ɗauka zolaya nake, bai san sunan mutane ba ne.

Maman_Husna
Baffa, wannan da ka kwatanta ai gaɗa ce! Da'ira, tafi, waƙa ana amshi, yarinya ɗaya ta faɗa tsakiya. Farantin nan kuma me ya raba shi da kiɗan ƙwarya da muke yi a gidan biki? Ni dai ina bayan dattijon rake.

Malamin_Tarihi
Maman Husna, kama da wane ba ta wane. Da'ira da tafi da amshi akwai su daga Senegal har Mozambik. A gaɗa kin taɓa ganin an miƙa fili da cibiya?

Maman_Husna
Da an kore ta daga dandali kuwa.

Dan_Nima
Gaisuwa daga Ankara. Mu a nan Gana muna da ragowar wannan tarihi a ƙafa. Bayan tawayen 1835 an koro 'yantattun bayi da yawa daga Bahiya, wasu kuma suka taho don kansu. Waɗanda suka sauka a nan ana ce musu Tabom, saboda in an gaishe su sai su amsa da "tá bom", wato lafiya lau. Musulmi ne da yawansu, sun shahara da ɗinki da haƙa rijiya. Gidansu na farko yana nan a Jamestown, ana ce masa Brazil House, kuma Shugaban Birazil Lula ya gana da jikokinsu da ya zo a 2005. Na Legas su ne Aguda. Amma ban taɓa jin Tabom suna samba irin ta talabijin ba, don sun baro can tun kafin a haife ta.

Abu_Huzaifa
Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda aka zauna ana koya wa ɗan Musulmi rawar da kowa ya san tsiraici ce. Duk wanda ya taɓa cin karo da hoton bikin Riyo ya san abin da nake nufi. Waɗanda Malam ya ambata sun mutu da laya a wuya suna kare addininsu, mu kuma jikokinsu muna tambayar yadda ake kaɗa ƙugu. Allah Ya shirye mu.

Yar_Damagaram
Amin, Malam Abu. Amma yaron nan tambaya ya yi, kuma cikin ɗakinai ya kulle ƙofa. Ni nan a lakkwal aka koya muna tarihin bayin da aka kai Amirik, ba a taɓa ce muna akwai Hausawa cikinsu ba, sai yau na ji. In da bai tambayi rawar ba, da wa zai kawo zancen 1835?

Baffa_Parana
Malam Abu, ban musa maka ba, akwai abin da ido bai kamata ya gani ba a bikin kanival, ni kaina ranakun nan a gida nake yin su. Sai dai mai ɗaukar hoto inda ya ga dama yake haskawa. A gasar da ake yi a bikin, ƙungiyar samba ɗaya tana fitowa da mutum dubu 3 zuwa sama, masu fuka-fukan nan 'yan kaɗan ne a ciki. Akwai rukunin da dokar gasar ta wajabta, ba ƙungiyar da za ta fito babu shi: ala das baianas, tsofaffin mata da ɗaurin kallabi da siket mai faɗin rumfa, suna juyawa a hankali. Girmamawa ce ga matan Bahiya da suka raini sambar. Akwai kuma rukunin dattawan ƙungiya da kwat da hula. Waɗannan ba sa sayar da jarida, shi ya sa ba ka gan su ba.

Mai_Unguwa
A tsaya kan batu don Allah. Wanda zai yi nasiha ya yi da lafazi mai kyau, wanda zai amsa ma haka. Saura bayanin takun.

Anti_Birmingham
To bari in shigo nan, tunda ni na biya kuɗi na koya. Likita ce ta ce in rage nauyi, gudu kuma ya gundure ni, sai na shiga ajin mata zalla a unguwarmu. Wadda ake koya mana ita ce ta gasa, ɗaya daga cikin raye-rayen Latin guda biyar da ake gasarsu a duniya, tare da cha-cha-cha da rumba da paso doble da jive.

Kiɗan bugu biyu ne, amma taku uku za ka cusa a ciki. Ƙirgar ita ce "ɗaya, a, biyu". Takun farko yana cin kashi uku cikin huɗu na bugun farko, wannan "a" ɗin ɗan guntun da ya rage ne, sai "biyu" ta cinye bugu guda cur. Nan mutane ke faɗuwa, suna raba ukun daidai wa daida, sai ta koma tafiyar sojoji.

Ka tsaya ƙafa a haɗe, gwiwa a sake. Ɗaya: ƙafar hagu gaba, ɗan taku kaɗan. A: ka jawo dama kusa da ita, ka dafa kan yatsu kawai, kada diddige ya sauka. Biyu: ka mayar da nauyi kan hagu a inda take. Sai ka juya lissafin: dama baya, hagu ta zo kan yatsu, nauyi ya koma dama. Duk wannan ana yi ne da ɗan lilo sama da ƙasa wanda gwiwa da idon sawu ke bayarwa, kamar kana tsaye a kan katifa. Kai da kafaɗa kada su yi ta tsalle.

Idan wannan ya zauna sai whisk: taku gefe, ɗayar ƙafar ta saƙala ta baya kan yatsu, ka dawo da nauyi. Sai volta, inda ƙafa ɗaya ke ta gittawa ta gaban ɗayar kana tafiya a karkace kamar ƙaguwa. Sai botafogo, wadda aka sa wa sunan wata unguwa a Riyo. Saurin gasa wajen bugu 100 ne a minti, kuma ana zagaya zauren ne, ba a tsayawa wuri ɗaya. Wata uku na yi kafin volta ta daina harɗe ni. Kilo 6 na zubar, in ana tambaya.

Baffa_Parana
Anti, Allah Ya ƙara lafiya, amma kada ranki ya ɓaci. Na taɓa nuna wa abokan aikina bidiyon irin wannan gasa a wajen cin abinci, dariya suka yi har ɗaya ya ƙware. Suka ce kyakkyawar rawa ce, amma ta wace ƙasa ce?

Abin da Dan_Kofar_Mata ya gani, mutum a tsaye ƙafa na gudu, sunanta samba no pé, sambar ƙafa, kuma mutum ɗaya ke yin ta. Ga yadda yaron maƙwabcina ya koya min a bakin gareji. Ka manta da gaba, komai baya yake farawa. Ka ja ƙafar dama baya kaɗan, tsawon rabin tafin ƙafa ya isa, ka ɗora nauyi a kai. Nan take ƙafar hagu da ke gaba ta ɗan zame ta karɓi nauyin na ƙiftawar ido. Sai damar ta sake karɓa. Dama, hagu, dama. Yanzu hagu ta koma baya: hagu, dama, hagu. Shi ke nan, babu wani sirri. Tun kana yi kana ƙirgawa har ƙafa ta riƙe da kanta.

Kurakurai uku na yi, kuma na tabbata su ka yi. Na buɗe taku da faɗi, alhali duk rawar a kan tayil ɗaya za ta iya ƙarewa. Na ƙanƙame gwiwa. Na kuma yi ta ƙoƙarin kaɗa ƙugu da gangan. Yaron ya ce min ƙugu ba a aika shi, in gwiwa ɗaya ta lanƙwashe ɗaya ta miƙe shi zai tafi da kansa. Sharaɓarka kuma ta ɗaure ne don ka ɗage kan yatsu kamar mai leƙen katanga. Mata masu dogon takalmi ke yin haka. Maza tafin ƙafarsu kusan a ƙasa yake, wasan nasu na zamiya ne da yaudara, kamar mai shirin yanke ɗan baya. Kuma kada ka fara da kiɗan kanival, gudunsa ya fi ƙarfin ɗan koyo. Nemi samba mai sanyi, irin ta zaman teburi da ake ce wa pagode.

Anti_Birmingham
Raina bai ɓaci ba Baffa, malamarmu ma ta faɗa mana. Ta ce tamu ta bi ta Paris ne tun wajen 1910 da wani abu, lokacin da wata rawar Birazil ta mutum biyu mai suna maxixe ta shiga gidajen rawa, daga baya mawaƙiyar Birazil Carmen Miranda ta je Amurka a 1939 ta ƙara mata kasuwa, sannan malaman rawa na Landan suka zauna suka yi mata ƙa'ida da jarrabawa. Bature in bai rubuta abu a littafi ba hankalinsa ba ya kwanciya. Amma su ma 'yan Riyo ai suna da ta mutum biyu ko?

Baffa_Parana
Suna da ita, samba de gafieira. Ita ma daga maxixe ta fito, amma babu lilon nan naku, a ƙasa take, da saƙala ƙafa tsakanin ƙafafun abokin rawa.

Sarkin_Kalangu
Kun yi ta maganar ƙafa kun bar mai gayya. Ni gidanmu kiɗa muka gada, kuma na zauna na saurari gangunan mutanen nan da kunnen sana'a. Babbar gangarsu surdo, ita ce uwa. Abin da ya ba ni mamaki, ba a bugun farko take sauke nauyinta ba, a na biyu take. Shi ya sa kiɗan yake kamar yana jan ka gaba. Mai koyon rawa ya nemi wannan bugun da kunnensa kafin ya motsa ƙafa, in ba haka ba zai yi ta bin ƙananan ganguna su ɓatar da shi.

Akwai pandeiro, kamar bandiri amma da 'yan ƙarafa a gefe. Akwai cuíca, wadda aka kafe ɗan tsinke a cikin fatarta ana murza shi da jiƙaƙƙen tsumma, tana kuka kamar ana zolayar mutum. Sai wasu ƙararrawa biyu na ƙarfe a haɗe, sak kugen fada. Ku tambayi sunansu.

Hajiyar_Fagge
To faɗa mana mana, sai ka ja mana rai?

Sarkin_Kalangu
Agogô, Hajiya. Kalmar Yarabanci ce, ƙararrawa. Ita muka ara muke kiran agogon hannu, su kuma suka tafi da ita Bahiya.

Malamin_Tarihi
Sarkin Kalangu ya biya. Bari in cike giɓin da na bari, yadda aka yi ta bar ƙauye ta shiga Riyo.

Wajen ƙarshen bauta da bayanta, baƙaƙen Bahiya sun yi ta ƙaura zuwa Riyo, wadda ita ce babban birni a lokacin. Suka taru a unguwannin bakin tashar jiragen ruwa da kewayen Praça Onze, har aka riƙa ce wa wurin Ƙaramar Afirka. Iyayen gidan wannan al'umma mata ne da ake kira tia, wato gwaggo ko inna. Mafi suna ita ce Tia Ciata, haifaffiyar Santo Amaro, garin da Baffa ya ambata. Ta zo Riyo a 1876, tana sayar da kayan zaƙi a titi, ta rasu a 1924. A gidanta akan yi kiɗan da hukuma ta yarda da shi a falo, samba kuma tana can ciki a tsakar gida.

Dalilin ɓoyewar shi ne a wancan zamani ɗan sanda na iya kama baƙin mutum da pandeiro a hannu ya rubuta masa laifin zaman kashe wando. Makaɗi João da Baiana an taɓa ƙwace masa nasa, sai da wani sanata mai ƙarfi, Pinheiro Machado, ya sa aka yi masa sabo ya rattaba hannu a jikin fatar, ya zama masa kamar takardar izini.

A zaman gidan Tia Ciata aka haɗa waƙar Pelo Telefone, wadda makaɗi Donga ya yi wa rajista da sunansa a 1916, ta fito a faifai a 1917. Ita aka fi ɗauka a matsayin samba ta farko da ta yi suna a faifai, kuma tun a lokacin sauran 'yan zaman suka yi ƙorafin cewa waƙar taro ce ya mallake. A 1928 samarin unguwar Estácio, su Ismael Silva, suka kafa Deixa Falar, ma'ana bar su su yi ta faɗa. Su suka sauya kiɗan ya zama wanda za a iya tafiya da shi a titi, suka shigo da surdo. Ismael ya ce sun kira kansu makaranta ne don akwai makarantar horon malamai kusa da su, su ma kuma malaman samba ne. A 1932 wata jaridar wasanni ta shirya gasar farko tsakanin makarantun, Mangueira ta ci. Zamanin Shugaba Getúlio Vargas gwamnati ta ga amfanin abin, ta rungume shi a matsayin alamar ƙasa. Kiɗan da ake kama mutum a kansa ya koma abin da ake tarar baƙi da shi. A 1984 aka buɗe Sambódromo, titi mai tsawon mita 700 da benaye na 'yan kallo hagu da dama, zanen Oscar Niemeyer.

Gwanin_Raga
Na karɓi gyara kan tantabara. Amma da na bincika sai na ga ashe ban yi nisa da gaskiya ba, abin nasu lig ne sosai. Makarantu 12 ne a rukunin farko, alƙalai na ba da maki kan ganguna, kan waƙa, kan sutura, kan ko an bar giɓi a jeri, ga agogo na ƙirga lokaci. Ranar Laraba a karanta sakamako a talabijin mutane na kuka, ta ƙarshe ta faɗa rukuni na biyu. Kuma tunda an zo nan, a tuna wasan Najeriya da Birazil a Olamfik ta Atlanta 1996, suna gaba da 3 da 1 muka farke, Kanu ya zura ta zinare. Ranar 'yan samba a zaune suka yi ta.

Abu_Huzaifa
Tarihin na amfana da shi, musamman na 1835, Allah Ya saka wa Malam. Matsayina kan rawar bai canza ba.

Dan_Kofar_Mata
Jama'a na dawo da rahoto biyu. Na farko, na bi maganar Baffa, na tsaya kan tayil ɗaya, tafin ƙafa a ƙasa, na sa mai sanyi. Dama hagu dama ta fara zama, sai dai da na ƙara sauri sai ta koma ɗingishi. Ina cikin yi uwargida ta turo ƙofa da kwanon tuwo, ta tsaya ta dube ni, ta ce ko kunama ce. Na ce motsa jini ne, likita ya ce. Anti, na ari likitarki.

Na biyu, na je wajen dattijo da yamma na karanta masa bayanin Malam tun daga Angola har shinkafar Hausa. Ya saurara yana feraye rake bai ce uffan ba. Da na gama ya ce, to mutanen da suka kai shinkafa, a bikin wa aka ci ta ba kiɗa?

Maman_Husna
Ka gaishe min da Baba. Ka ce 'yarsa tana nan bayansa.

Malamin_Tarihi
Ka ce masa ya kawo takarda ɗaya tak.

Baffa_Parana
Ɗingishin nan kowa ya bi ta kansa, ni wata biyu na yi a ciki. Rage saurin, ka kuma daina kallon ƙafarka. @Sarkin_Kalangu, tambaya gare ka: Mangueira surdo iri ɗaya kawai take bugawa, ba ta da mai amsa mata kamar sauran makarantu. In na turo maka sautin guda biyu za ka iya ware wacce ce ita?

Sarkin_Kalangu
Turo. Amma kada ka faɗa min komai tukuna.